Sanƙarau Ya Bar Ni da Rai, Ya Tafi da Ji

Da sunan Allah, mai jarraba bawa kuma mai sassauta masa. Sunana Rabi, malamar firamare ce ni, haifaffiyar unguwar Koki, a nan kuma nake aure, lungu biyu tsakanina da gidanmu. Shekara uku ke nan rabona da jin sautin komai. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, a watan nan kaɗai mata biyu aka rako wurina, kowacce da ɗan da ya tashi daga sanƙarau ya daina waiwayowa in an kira shi. Na ga gara in faɗi abin da ya same ni dalla-dalla, ko wani ya tsira da abin da ni ban tsira da shi ba.

Lokacin zafi ne, ana dab da hutun makaranta. Ranar Talata na dawo gida da ciwon kai irin wanda ban taɓa yi ba, kamar an ɗaure mini goshi da waya. 'Yata Nana tana da wata goma a lokacin, ko goya ta na kasa yi. Maigidana, Malam Auwalu, tela ne a Soron Ɗinki. Da ya dawo ya taɓa jikina, ya koma kemis ya karɓo maganin zazzaɓin cizon sauro. Laraba na wuni ina amai. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce taifot ne, a samo ganyen gwanda da na mangwaro a yi mini sirace. Aka yi. Alhamis da na tashi sallar asuba, na kasa sunkuyar da kaina a ruku'u. Wuyana ya ƙage, hasken taga ma ji nake kamar ana soka mini allura a ido.

Da hantsi mahaifiyata, Umma, ta shigo. Ba ta ko zauna ba. Ta sa hannu ƙarƙashin ƙeyata ta ɗan ɗaga, na yi ƙara.

Ta ce, “Auwalu, nemo abin hawa. Wannan wuyan na san shi. Shi ya ɗauke mini yaya muna yara.”

Lungunmu adaidaita ba ta shiga, don haka a tabarma aka ɗauke ni zuwa bakin titi. A asibiti babu gado, a kan benci na kwanta tun hantsi har bayan la'asar. Da likita ya zo ya ce sai an ɗebi ruwa a gadon bayana a gwada, kawuna ya ce bai yarda ba, ya ji an ce wanda aka yi wa haka ba ya ƙara takawa. Ina jin su sama-sama suna ja-in-ja. Malam ya ce, “Kawu, a yi haƙuri, ni zan sa hannu.” Har gobe ina gode masa, don likitan ya ce da an ƙara kwana ɗaya da sai dai wani labarin.

Abu na ƙarshe da kunnena ya ji a duniya ba wata babbar magana ba ce. Umma ce take ce wa ƙanwata Maryam, “Rufe fulas ɗin nan, ƙuda.” Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba.

Kwana biyar na yi ban farfaɗo ba. Da na buɗe ido, abin da na fara rayawa shi ne, wannan ɗakin marasa lafiya akwai natsuwa. Ga mutane cike, ga fanka tana juyawa, amma tsit. Sai wata nas ta zo wucewa, farantin ƙarfe ya suɓuce mata ya faɗi dab da gadona. Na ga kowa ya zabura. Ni ban ji komai ba. Na kalli Umma, bakinta yana motsi, hawaye yana zuba, tana ɗaga hannu sama alamar godiya. Na ce, “Umma, ɗaga murya.” Daga baya Maryam ta gaya mini da ƙarfi na faɗa, har ta gadon ƙarshe ta juyo.

Ba shiru ne zalla ba. A cikin kaina akwai wata ƙara kamar injin markaɗe daga nesa, ba ta tsayawa dare da rana. Har yau tana nan, mun saba.

Sauran kwanakin allura ce safe da yamma, har hannuwana suka rasa wurin sokawa. Ma'aikatan nan sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Akwai wata nas mai tsohon ciki da take zuwa ta gyara mini kwanciya ko ba aikinta ba ne. Amma da Malam ya yi wa likita maganar kunnena, sai ya rubuta a bayan katin magani ya miƙo mini: “Ki gode wa Allah kin rayu. Ji yana iya dawowa a hankali.” Aka sallame mu ranar kwana na goma sha shida. Babu wanda ya ce mana mu je a auna kunnen, babu wanda ya ce akwai gaggawa. Muka koma gida muna jiran ji ya dawo kamar yadda ake jiran wuta.

Gidanmu aka wuce da ni, ɗakin Umma. Jiri ya hana ni tsayuwa, in zan je banɗaki sai na dafa bango, ƙasa tana tafiya da ni. Umma ce wanka, ita ce dama kunu, ita ce ta yaye Nana da ƙarfin hali tun ina asibiti. Mace mai shekara sittin da wani abu ta koma goyo.

Wahalar da ban zata ba ita ce ta magana. Umma tana karanta Alƙur'ani, amma ba ta rubutu, na boko ko na ajami. Maryam ce mai rubuta mini abin da ake faɗa a wani littafin makaranta, ita kuma tana zuwa kwaleji tun safe sai yamma. Sai mu wuni ni da Umma a tsakar gida, ni ina iya yi mata magana, ita ba ta da hanyar mayar mini. Umma kuwa mace ce mai hira. Tun ina yarinya, in tana tsintar shinkafa bakinta ba ya hutawa, labarin mutanen da, wane ya auri wance, yadda aka yi rijiyar gidan ta ƙafe. Yanzu sai in ga ta fara, ta yi nisa, sannan ta tuna. Sai ta tsaya, ta kama bakin zaninta ta share fuska, ta ci gaba da tsinta.

'Yan dubiya sun zo, ba laifi, zumunci bai mutu a cikin gari ba. Sai dai gaisuwar minti ɗaya ce tawa, sauran hirar tasu ce. Su zauna kewaye da ni suna magana a kaina, a yi dariya, in ce, “Me aka ce?” Sai a kaɗa mini hannu. Kalmar da na fara iya karantawa a leɓen mutane ita ce “ba komai”. Na tsane ta.

Kowa kuma da maganinsa. Man zaitun mai ɗumi, ruwan albasa, hayaƙin wani itace, rubutun sha. Wata gwaggona ta kawo wani ruwa a kwalba daga ƙauye, ta ce kurman shekara goma ya ji da shi. Aka ɗiga mini a kunnen dama. Kwana biyu kunnen ya kumbura ya fara ruwa, sai da aka koma kemis. Daga ranar Umma ta hana. Duk wanda ya zo da kwalba, sai in ga ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, in ya fita ta tuttular a kwata.

Ranar da na fi jin tsoro ba a asibiti ba ce. Wata la'asar Umma ta shiga wanka, ina zaune ina ninke kaya, Nana tana bayana tana rarrafe. Ban san ta kai bakin murhu ba. Ban san ta taɓa butar shayi ba, ban san tana tsala kuka ba. Sai ganin Umma na yi ta fito da gudu da kumfa a jiki, ta wuce ni ta sure ta. Taku uku ne tsakanina da 'yata. Yatsu biyu ta ƙone, sun warke, ko tabo babu. Amma na yi wata guda ban yarda an bar ni da ita mu kaɗai ba. In za mu yi barcin rana, Umma ta kan ɗaura bakin ɗankwali a ƙafar Nana, ɗaya bakin a hannuna, don in ta motsa in farka.

A wata na uku, da muka ga shiru, Malam ya kai ni babban asibiti, sashen kunne. Muka isa tun bakwai, muka ajiye kati. Wajen ƙarfe goma aka ce ya je ya karɓo wata takarda a wani gini, layin can ya riƙe shi. Ni kuwa ina zaune ina kallon ƙofa, mutane suna shiga suna fita, har aka yi azahar benci ya zama babu kowa. Da ya dawo ya tambayi mai kiran suna, sai mutumin ya duba littafi ya ce an kira ni sau uku ban amsa ba.

Na ga jijiyar wuyan Malam ta tashi, mutumin da ban taɓa ganin ya yi faɗa da kowa ba. A hanya ya rubuta mini yadda suka yi. Ya ce masa, “Malam, nan fa sashen kunne ne. Wanda ya zo nan ai don ba ya ji ya zo.” Shi kuma ya ce, “Haka tsarin yake, Alhaji. Ni kira aka ce in yi.” Aka ba mu wata ranar, sati shida gaba. Allo ɗaya da alli da sun wadatar, ko mutum ya taso ya nuna kati. A adaidaita na yi kuka har Ƙofar Mata.

Da ranar ta zo, aka sa ni a wani ɗan ɗaki, aka ɗora mini abin sauraro a kai, aka ba ni maɓalli, wai in danna duk lokacin da na ji ƙara. Na riƙe shi har aka gama ban danna ba. Likitar mace ce, mai haƙuri, ta jawo kujera kusa da ni ta yi ta rubutu. Ta ce jijiyar ji ta lalace duka biyun, na'urar da ake maƙalawa a kunne ba za ta amfane ni ba. Ta ce akwai aikin da ake dasa wata na'ura a ciki, ba ko'ina ake yi ba, kuɗinsa kuma ko gidanmu aka sayar da wuya ya kai. Sannan bayan sanƙarau wurin da ake dasawar yakan toshe da ƙashi, shi ya sa ake son a duba da wuri. A ƙasa ta rubuta, “Da an turo ki tun kina kwance.” Ko da an turo ni, ban san inda za mu samo kuɗin ba. Amma da na so a ce mu muka gaza, ba rashin sani ne ya yanke mana ba.

Na koma ɗakina a wata na biyar. Malam ya sa wani ƙwan lantarki mai batir a tsakar gida, in an taɓa maɓalli a zaure sai ya haska, in san an yi sallama. Lokacin sallah kuma inuwar katanga nake kallo. Akwai tsohon ladanin masallacin lungunmu da yake yin tari sau biyu kafin ya fara kira. A da, haushi yake ba ni. Yanzu in na ga mutane sun nufi masallaci, tarin nan nake nema a cikin kaina.

Da Malam ya raka ni makaranta, hedimasta ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini lemo, sannan ya turo mini takarda: “Malama, ki huta a gida. Za mu taimaka a cike miki takardun ajiye aiki.” Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi. Na ce, “Ranka ya daɗe, kunnena ne ya mutu, ba kaina ba.” Ya yi murmushi, ya juya yana yi wa Malam bayani. Wannan ma na saba da shi: in ka kurmance, da wanda ya rako ka ake magana.

Wadda Allah ya yi sanadin fitata da ita, a gidan suna na haɗu da ita. Ina zaune a gefe ina murmushin da ba na komai ba, sai wata mata mai yi wa mai jego lalle ta yi ta kallona. Can ta goge hannu ta zo, ta nuna kunnenta, ta nuna nawa, ta ɗaga gira. Sunanta Malama Saude, a Ƙofar Mata take, tun tana shekara bakwai ta rasa ji. Ta rubuta a wayarta: “Idonki ne ya gaya mini. Muna haɗuwa duk Lahadi, ki zo ki koyi maganar hannu.”

Na amsa mata da abin da har yau nake jin kunyarsa. Na rubuta, “Ni ba bebiya ba ce.” Ta karanta, ta yi dariya, ta rubuta, “Ni ma. Ki zo dai.”

Sai da na yi wata biyu sannan na je. A harabar wata makaranta ne, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Mutum ya fi arba'in, maza gefe mata gefe, teloli, makanikai, masu kitso, har da mai digiri. Hannuwa suna ta tashi, ana musu, ana tsokana, wata tana ba da labari sauran sun riƙe ciki. Ban gane ko kalma ɗaya ba, amma a wurin babu wanda ya fi wani jin abin da ake faɗa. Bayan wata huɗu, da azumi, wani malami ya zo ya yi tafsiri ana fassarawa da hannu. Rabona da fahimtar wa'azi ya fi shekara. Ayar haƙurin Annabi Ayuba ce, na san ta tun ina allo, amma ranar na ji ta.

Su ne suka gaya mini akwai doka, ba a raba mutum da aikinsa don ya samu nakasa. Malama Saude da wani dattijo daga cikinsu suka raka ni ofishin ilimi. Sau huɗu muna zuwa. Babu mai fassara a ginin gaba ɗaya, da takarda da biro muka yi ta fama, wani jami'in ma ya miƙo mana sadaka yana zaton bara muka zo. Dattijon ya mayar masa da ita cikin ladabi, ya ajiye masa takardar kokenmu a kai. A ƙarshe aka mayar da ni wata makaranta a wajen badala mai ajin kurame. Yara goma sha tara gare ni yanzu. Da yawansu zazzaɓi ne ya kurmantar da su, wasu sai da suka shekara goma a gida ana ce musu dolaye kafin a kawo su.

To, ga abin da nake roƙo. Ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da ƙagewar wuya, kada a tsaya kemis, kada a jira gobe. In an yi rigakafi a unguwa a kai yara. Wanda ya tashi daga sanƙarau, babba ko yaro, a nemi a auna jinsa kafin a bar asibiti, ko likita bai ambata ba. Kada a ɗiga komai a kunne. In kuma ji ya tafi, kada a ɓoye mutum a ɗaki. Ku kalle shi in za ku yi magana, ku gaya masa abin da aka yi wa dariya, ko da ya wuce. Masu asibiti da ofisoshi kuma, ba gini muka ce a rushe ba. A rubuta suna a allo, a ajiye mutum ɗaya mai maganar hannu.

Nana ta kusa shekara huɗu. Hannunta ya fi nawa sauri, in ta yi rashin ji sai ta rufe ido don kada ta ga faɗana. An ce bakinta ba ya shiru. Na taɓa tambayar Maryam yadda muryarta take, ta yi tunani ta rubuta, “Irin taki ce, amma da ɗan kaushi, kuma ba ta iya faɗin harafin ra.” Na yi ta gwada haɗa wannan a raina, bai haɗu ba. Kukanta na jariri kawai na sani.

Umma ma ta koya, da yatsunta masu sanyin ƙashi. Ba ta ƙware ba, rabin alamunta ita ta ƙirƙiro abinta, amma hira ta dawo. Sannan akwai wani abu da ban sani ba sai kwanan nan. Ni ce 'yar farinta, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, saboda kunya irin ta iyayenmu. “Ke” take ce mini, in tana ba da labarina ta ce “yarinyar nan”. Ranar wata Juma'a muna gidanmu, Maryam ta ja ni gefe ta yi mini da hannu: “Kin san Umma tana kiran sunanki yanzu? Tun kina asibiti ta fara. In kin juya baya sai ta ce Rabi kaza, Rabi kaza. Kowa ya saba.”

Ashe duk gidan sun ji, har maƙwabta, ban da ni.

Na same ta a bakin murhu tana kwashe tuwo. Na tsuguna na ce, “Umma, an ce kina faɗin sunana.” Ta harari Maryam, ta ci gaba da kwasa kamar ba da ita nake ba. Na ce, “Ki faɗa in gani, sau ɗaya.” Ta girgiza kai, ta yi mini alamar in tashi in ba ta wuri. Ban tashi ba. Ta gama malmala ta ƙarshe, ta rufe kwano, ta wanke hannu, ta goge a zani. Sannan ta kamo hannuna ta ɗora a maƙogwaronta, ta kau da fuska wajen katanga don kada in ga bakinta.

Na ji motsin a tafin hannuna, gajere, gaɓa biyu. Ta ɗan tsaya, ta sake. Sai ta ture hannun, ta miƙo mini kwanon tuwo, ta nuna ɗakin baƙi in kai musu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da abin da ya fi alheri.